Sharhi: Dare bakwai a jirgin ruwa kan kogin Mekong, daga Biyetnam zuwa Angkor

Tafiyar da nake sharhi a kanta ita ce wadda kamfanonin yawon buɗe ido suke sayarwa da sunan dare bakwai a kan Mekong. Ana hawa jirgi a My Tho, kimanin kilomita 70 daga birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, a haura ruwa a tsallaka iyaka zuwa Kambodiya, a bi ta Phnom Penh, babban birninta, a ƙare a Siem Reap, garin da ke gefen tsofaffin gine-ginen Angkor. A ganina tafiyar ta ci kuɗinta. Sai dai watan da ka zaɓa ya fi sunan jirgin da ka zaɓa muhimmanci, kuma wannan shi ne abin da takardun talla suke rubutawa da ƙananan haruffa can ƙasan shafi. Mutum biyu za su kwana a ɗaki iri ɗaya, wannan a Oktoba, wancan a Afrilu, su dawo kowa da labarinsa daban.

Dalili kuwa ruwa ne. A Phnom Penh wani kogi mai suna Tonle Sap yana haɗuwa da Mekong, shi ne kuma ya haɗa Mekong da babban tafkin da ke tsakiyar Kambodiya. Da rani ruwa daga tafkin yake gangarowa zuwa Mekong. Idan damina ta kankama, wajen Yuni, sai Mekong ya cika har ya rinjayi ƙaramin kogin, ruwa ya juya baya yana kwarara cikin tafkin. Tafkin da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2,700 da rani ba yakan kai wajen 16,000 a shekarar da ruwa ya yi albarka, zurfinsa ya tashi daga kamar mita 1 zuwa mita 9. Wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba ruwan ya sake juyawa, lokacin ne mutanen ƙasar suke bikin Bon Om Touk da tseren dogayen kwalekwale. Jirgin fasinja mai ɗakunan kwana yana nutsewa cikin ruwa kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka ga ke nan da rani ba shi da hanyar ratsa tafkin. Abin da ake yi shi ne a sauke ku a Kampong Cham ko a wata mashayar jiragen ruwa da ke arewa da Phnom Penh, a zuba ku a bas, ku yi awa huɗu zuwa biyar a kan kwalta kafin ku isa Siem Reap. Manyan jirage da yawa ma ko ruwa ya cika ba sa shiga tafkin, bas ɗin nan yana cikin tsarinsu duk shekara.

Wanda yake son ya ratsa tafkin a jirgi, ya nemi ƙaramin jirgi, ya kuma sa tafiyarsa tsakanin Satumba da farkon Disamba. Ko a nan ma kada ya ɗauka alkawari ne. Madatsun ruwa da aka gina a can sama, a Sin da Laos, da kuma shekarun ƙarancin ruwan sama irin na 2019 zuwa 2021, sun sa cikar tafkin tana makara, wani lokaci ta zo ba ƙarfi. Kwantiragin kowane kamfani yana ba matuƙi ikon canza hanya saboda ruwa, kuma ba a mayar da kuɗi a kan haka. Disamba zuwa Fabrairu sun fi daɗin iska, sama garau, ruwa yana raguwa. Maris zuwa Mayu zafi ne mai ɗanshi wanda yake kai digiri 35 zuwa sama, gaɓar kogi ta yi tsawo, hawa da sauka su zama aiki. Lokacin ne farashi yake sauka, kuma arahar tana da dalilinta.

Jiragen ba manya ba ne. Yawancinsu ɗakuna 15 zuwa 35 ne a hawa biyu ko uku, da ɗakin cin abinci, da rumfar sama inda ake zama a sha iska. Kowane ɗaki yana da bayan gida da shawa da na'urar sanyaya ɗaki. Wurin da ɗakinka yake ya fi girmansa tasiri a kan barcinka. Ɗakunan ƙasa na baya suna kan inji da janareta, janaretan kuwa ba ya hutawa dare da rana, gadon ma yana ɗan rawa. Na can gaba suna jin ƙarar sarƙar anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ga shi matuƙa suna son tashi da asuba, tsakanin biyar da shida. Tsakiyar hawa na biyu ya fi ko'ina, ƙarin kuɗinsa kuma bai ɓaci ba. Idan an ba ka zaɓi tsakanin ɗaki mai ƙaramar baranda ta kansa da ɗaki mai buɗewa kan doguwar barandar da kowa yake bi, na farko ya fi dacewa da ma'aurata da mai son sirri, don a na biyun sai labule ya zauna a sake kusan kullum. Ruwan famfo na kogi ne da aka tace, na wanka ne kawai, ana ajiye na gora don sha da wanke baki. Wuta bolt 220 ce, amma soket ɗin na ƙafa biyu ne, filogin ƙafa uku na Najeriya da Gana ba ya shiga sai da adafta. Intanet ɗin jirgi daga layin waya yake ja, yana ɗaukewa a tsakanin garuruwa. Layin Viettel a Biyetnam da na Smart ko Metfone a Kambodiya sun fi shi aiki.

Wani abu da na yaba: duk dawowa daga fita, ma'aikata suna karɓar takalma a bakin jirgi, su miƙa maka tawul mai sanyi, su wanke taɓon su kawo maka takalminka ƙofar ɗaki. Saboda haka ka zo da takalmi mai rufe ƙafa wanda ruwa ba ya lalata shi, da silifas na yawo a cikin jirgi.

Ana fita sau biyu a rana, da safe wajen takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi, da yamma daga uku zuwa kusan magariba. Tsakanin nan jirgi yana tafiya, ana cin abinci ana hutawa. Inda babu mashaya, kwalekwale mai inji ne yake zuwa gefen jirgi ya ɗebe ku, kowa da rigar kariya ta ruwa. A wasu ƙauyukan Kambodiya jirgin kansa yake soka hancinsa a gaɓa, ma'aikata su ɗaure igiya a bishiya, su sassare matakala a jikin yumɓu da fartanya, su shimfiɗa katako, mutum biyu su riƙe gora a matsayin abin dafawa. Tsarin yana aiki, amma mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu ya yi tambaya tun kafin ya biya, domin yawancin waɗannan jirage ba su da lif, rabin daɗin tafiyar kuma a ƙasa yake.

Kwana biyun farko na Biyetnam ne, kuma a nan ne kalmar “ƙauyuka masu nisa” ta takardar talla ba ta faɗi gaskiya ba. Yankin da Mekong yake rarrabuwa kafin ya shiga teku cike yake da jama'a, kusan mutum miliyan 17, shi ne rumbun shinkafar ƙasar. Abin da za ka gani a ruwa shi ne manyan kwalekwalen dakon shinkafa da idanu a zane a goshinsu, da jiragen haƙar yashi, da gadoji, da masana'antun kifi. Yana da daɗin kallo, amma ba daji ba ne. A Cai Be kasuwar kan ruwa ta kusa mutuwa tun da tituna suka karɓe dakon kaya, 'yan kwalekwale kaɗan za ka tarar. Abin da ya fi ta armashi shi ne gidajen sana'a na gaɓa. Ana zuba baƙin yashi a ƙaton kasko a kan wutar ɓuntun shinkafa, idan ya yi zafi a watsa shinkafa mai ƙaiƙayi a ciki ana juyawa, kamar yadda ake suyar gyaɗa da yashi, cikin 'yan daƙiƙu ta fashe ta yi fari, a tankaɗe yashin ya koma kasko, a sake tankaɗewa a cire ƙaiƙayin, a gauraya da madarar kwakwa da sukari a yanka. A gidajen nan kuma ake miƙa wa baƙi giyar shinkafa mai maciji a cikin kwalba don ɗanɗano. Girgiza kai ya isa, ba mai matsa maka. Sa Dec kasuwa ce da gonakin furanni. Tan Chau kuwa gidajen kan ruwa ne masu kejin kifi a ƙarƙashin daɓe, a ɗaga katako a watsa abinci ka ga ruwa yana tafasa da tarwaɗa.

A iyaka jirgi yana tsayawa a tsakiyar kogi, jami'in jirgi ya kwashi fasfo ɗin kowa ya tafi da su ofishin Biyetnam sannan na Kambodiya. Awa biyu zuwa huɗu ake yi, fasinja ba ya sauka. Matsalar da take faruwa a nan ta takardu ce, kuma mutum ɗaya yakan tsayar da jirgi duka. Bizar Biyetnam ta intanet, dala 25 ta shiga sau ɗaya, tana ɗauke da sunan wurin shiga da na fita, don haka ka tambayi kamfanin sunan iyakar kogin ka rubuta shi daidai. Bizar intanet ta Kambodiya ba kowace iyaka take aiki ba, kuma ba kowane fasfo ake ba biza a bakin iyaka ba. Abin da ake gaya wa Bature ɗan Ingila ko Faransa, “za mu yi maka a jirgi”, kada mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan ya ɗauka har da shi. Ka aika musu hoton fasfonka, su amsa maka a rubuce, idan ta kama ka nemi biza a ofishin jakadanci tun kana da lokaci. Katin allurar ciwon shawara ya kasance cikin fasfo, don ana neman sa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Phnom Penh kwana ɗaya da rabi ake ba ta. Fadar sarki da wurin bautar da ke cikinta mai daɓen farantan azurfa sama da 5,000 ana ganinsu cikin awa biyu, galibin azurfar ma an rufe ta da darduma. Ana rufe fadar da tsakar rana, kuma masu gadi ba sa karɓar gyale a kan riga marar hannu, sai riga mai hannu da tufa mai rufe gwiwa. Sai Tuol Sleng, makarantar sakandare da gwamnatin 'yan gurguzu ta Khmer Rouge ta mayar kurkuku tsakanin 1975 da 1979, da filin kisa na Choeung Ek a wajen gari. Mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu suka mutu a waɗannan shekaru. An rusa wuraren bautar Buddha, an tuɓe limamansu, an rusa masallatai, an karkashe Musulmin ƙabilar Cham da malamansu. Wuri ne mai nauyi, bai dace da ƙananan yara ba, amma babba kada ya tsallake shi, domin duk wani sabon fenti da zai gani a wuraren bauta na ƙauye bayan nan, sake gini ne bayan wannan ɓarna.

Daga Phnom Penh zuwa sama ne tafiyar take zama abin da aka yi talla. Kogi ya yi faɗi ya yi shiru, gidajen katako a kan dogayen turaku, fararen shanu a ƙarƙashinsu, giginya jefi-jefi a cikin fadamun shinkafa. A Koh Dach mata suna saƙar siliki a inuwar ƙarƙashin gida. A Kampong Chhnang ana ginin tukwane ba tare da faifan juyi ba, macen ce take zagaya tukunyar tana bugunta da katako, maza kuma suna hawa giginya da tsanin gora su tari ruwan furenta a dafa ya zama sukari. A Kampong Tralach ana ɗaukar baƙi a keken shanu zuwa wani tsohon wurin bauta mai zane a bango. Tafiyar ba ta wuce minti 20 ba, ba katifa, mai ciwon baya ya hau mota. Yara za su biyo ku suna gaisuwa. Raba musu alewa ko kuɗi yana koya musu barin aji su tare jirgi, gara ka ba jagora littattafai da fensir ya kai wa malamin makarantar.

Wuraren bauta, waɗanda suke kira wat, su ne ƙashin bayan rayuwar ƙauye a Kambodiya. Nan ne makaranta, nan ne wurin taro, nan tsofaffi suke fakewa, nan ake ƙona gawa. Yaran talakawa da yawa suna aske kai su sa mayafin limaman Buddha ruwan goro don su sami karatu da abinci, wasu su fita bayan 'yan shekaru. Wat Hanchey yana kan tudu kimanin kilomita 20 arewa da Kampong Cham, matakalarsa wajen 300, akwai kuma hanyar mota ga wanda ba zai iya ba. A samansa akwai ginin jan bulo da ya girmi Angkor da ɗaruruwan shekaru, kuma daga nan ne za ka ga kogin ya yi lanƙwasa da tsibiransa, kallon da ya fi kowane a tafiyar. Oudong, wadda ta kasance babban birni daga 1618 zuwa 1866, tana da hasumiyoyin da aka ajiye tokar sarakuna a kan dutse, matakala sama da 500, da babbar cibiyar koyon zaman tunani a gindinsa. A hau da safe. Bayan ƙarfe goma dutsen yana ƙuna, ga shi dole a cire takalmi a sama, don haka safa tana da amfani.

Ladubban shiga ba su da yawa. A cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, idan an zauna a lanƙwashe ƙafa baya kada tafin ƙafa ya kalli mutum-mutumin Buddha ko limami. Mace ba ta taɓa limami, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ajiyewa take yi ya ɗauka. Ba a dafa kan kowa, ko yaro. Limaman ba sa cin abinci bayan rana ta take, saboda haka wajen sha ɗaya suna kan abincinsu na ƙarshe, ba lokacin ɗaukar hoto ba ne. Kusan kowane jirgi yana shirya zaman sa albarka, inda limamai suke karatu da harshen Pali, su yayyafa ruwa ko furanni, su ɗaura wa mutum jan zare a wuyan hannu. Wannan ibada ce, ba wasan gargajiya ba, ko da jagora ya kira ta al'ada. Musulmi ko Kirista da ba ya son shiga ya gaya wa jagora tun a jirgi, ya tsaya daga baya ko ya zagaya harabar. Ba wanda yake jin haushi. Abin da ba shi da kyau shi ne ka zauna a sahun gaba sannan ka janye hannu ana tsakiyar yi.

Abinci yana da yawa kuma sabo ne: kifin kogi, shinkafa, ganye, mangwaro, abarba, kifi da madarar kwakwa da aka turara a ganyen ayaba wanda suke kira amok. Ga Musulmi dai sai da lura. Naman alade yana ko'ina a girkin ƙasashen biyu, kuma inda ya fi ɓuya shi ne romon taliyar safe, da cikin naɗin da ake soyawa, da soyayyar shinkafa. Kaza da naman sa na jirgi ba yankan Musulmi ba ne sai an yi shiri na musamman. Hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta tun wajen biya cewa kifi da ganye kawai kake ci, ba alade, ba romonsa, ba giya a girki, sannan daren farko ka nemi shugaban masu hidimar abinci ka maimaita masa. Ƙaramin jirgi ya fi iya kiyaye wannan, domin mai girki yana sanin fuskarka. Alƙibla tana yamma da ɗan karkata arewa, amma jirgi yana juyawa da kogi, har a kan anka ma, sai ka duba kamfas daidai lokacin da za ka ta da salla. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 6. Akwai ƙauyukan Cham da masallatansu a gaɓar kogi kusa da Chau Doc, ciki har da masallacin Mubarak, ƙasa da awa ɗaya a mota daga Tan Chau, akwai su kuma a kewayen Kampong Cham. Ba kowane jirgi yake sa su a tsari ba, amma idan ka nema da wuri ana iya haɗa ka da mota. Idan Juma'a ta same ka a Phnom Penh, masallacin Al-Serkal yana cikin gari, kuma akwai gidajen abincin halal.

Abubuwan da suke ɓata wa mutane tafiya ba manya ba ne. Gudawa daga ƙanƙarar kasuwa ko ɗanyen ganye na waje, don haka garin gishiri da sukari na masu gudawa ya kasance a jaka. Mura daga shiga ɗaki mai sanyi ƙwarai da jiƙaƙƙiyar riga. Sauron zazzaɓin dengi da rana yake cizo, maganin shafawa na safe ne, ba na dare kawai ba. Ciyawar ruwa tana naɗe farfelar kwalekwale a tsaya a cire, wannan jinkirin minti goma ne. Kwanakin tsakiya kuma suna kama da juna, wat bayan wat, sana'a bayan sana'a, kusan kowace ziyara tana ƙarewa a teburin sayar da tsaraba. Tsallake fita ɗaya ka zauna a rumfar sama jirgi yana tafiya ba asara ba ce.

Farashi yana farawa daga kimanin dala 2,000 ya wuce 5,000 ga mutum ɗaya idan biyu suka raba ɗaki, mai tafiya shi kaɗai yana biyan ƙari mai yawa. Ya haɗa da kwana, abinci da fita, bai haɗa da jirgin sama, biza, inshora ko wanki ba. Tukuicin ma'aikata dala 10 zuwa 15 ne a rana ga kowane fasinja, ana sa shi a ambulan daren ƙarshe, na jagora daban. A Kambodiya dala tana yawo tare da kuɗinsu riyel, kimanin 4,000 a dala ɗaya, kuma takardar dala mai yagewa ko rubutu ba a karɓa. Ka zo da sababbi, ƙanana. Daga Afirka ta Yamma sai an canza jirgi a birane irin su Doha, Dubai ko Istanbul, ka isa Ho Chi Minh kwana ɗaya kafin ranar hawa, don jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara.

Haurawa daga Biyetnam ya fi gangarowa daga Siem Reap, domin ana farawa da hayaniya a ƙare da shiru, Angkor kuma ta zo a ƙarshe bayan ido ya saba da wuraren bauta na ƙauye. Sai dai a kula, tafiyar dare bakwai ɗin sau da yawa a ƙofar otal a Siem Reap take ƙarewa, Angkor ba ta ciki. Ka ƙara dare uku da kanka. Tikitin kwana ɗaya dala 37 ne, na kwana uku 62, kuma na ukun ne yake isa a ga Angkor Wat, wanda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina a ƙarni na 12, da Bayon mai manyan fuskokin dutse, da Ta Prohm da saiwoyi suka rungume, ba tare da gudu a cikin rana ba. Sabon filin jirgin saman garin da aka buɗe a 2023 yana da nisan kusan awa ɗaya a mota, ka sa wannan a lissafin ranar komawa.